Wabi, amosanin jini da watanni shidan farko

A Kara da garuruwan da ke kewaye da ita, daga Getso zuwa Kutama har ka tsallaka ƙasar Kabo, idan mace ta haihu sau biyu, sau uku, 'ya'yan suna komawa tun suna goye, sai a ce tana wabi. Ba a cika faɗa a gabanta ba, amma matan unguwa duk sun sani. In ta sake samun ciki, tsofaffin gida sukan fara shiri tun kafin ta sauka. Wata a tura ta gidan 'yan uwa a wani gari ta haihu a can. Wata kuwa, da an yanke cibiya sai a kai jaririn a ajiye a kan juji, wata tsohuwa ta zo ta tsince shi kamar ba ta san na wane ne ba. Bayan sunan yanka sai a laƙaba masa Ajuji, ko Ajefas, ko Bawa, mace kuma Ayashe ko Barmani. Akan huda wa ɗa namiji kunne ɗaya, ko a bar masa tukku ba a askewa sai ya yi wayo. Ita uwar kuma a hana ta nuna ɗoki. Manufar duka ɗaya ce: ko mene ne ke ɗauke yaran nan, kada ya gane cewa ana son wannan.

Ni ƙarshen al'adar na tarar. Malamai sun daɗe suna cewa camfi ne, kuma da makarantun Islamiyya suka yawaita, aka sami asibiti a Gwarzo, aka fara allurar riga-kafi, sai ta yi ta ja da baya. Yau za ka ji dattijo mai suna Ajuji, amma da wuya ka ji an raɗa wa jariri. Ba na kewarta. Sai dai akwai abu guda da matan wancan zamani suka lura da shi, wanda na yi shekaru ina koyar da ilimin halittu a sakandare kafin in ga inda ya dosa. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta binne 'ya'ya fiye da waɗanda ta aurar, kuma ita ta faɗa mini wata rana muna ɓarar gyaɗa.

“Ɗan nan, ai ba a gane su ranar suna. Ɓul-ɓul suke zuwa, su sha nono, su yi kyau. Sai yaro ya fara zama, ya doshi rarrafe, sannan za ka ga bayan hannu ya kumbura, ƙafa ta kumbura, in ka taɓa shi ya tsala ihu. Ido ya yi ɗorawa. In hunturu ya shigo kuma, to sai addu'a.”

Na ce, “Gwaggo, me kuke ba su?”

Ta ce, “Me ya rage? Rubutu, jiƙo, wanzami ya yi tsaga a kan saifa. Wani a ce sanyi ne ya shiga ƙashi, wani a ce shawara ce.”

Ba kowane wabi ne amosanin jini ba, wannan dole a faɗe shi. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe, ƙyanda ta kashe, gudawa ta kashe a lokacin yaye, haka ma cutar da ke shiga ta cibiya in an yanke ta da aska mai datti. Amma abin da gwaggo ta zana, kumburin hannu da ƙafa bayan wata shida, ido rawaya, saifa ta girma, ciwo ya tashi da sanyi, kowane likitan yara a Kano zai ce maka sikila ce, wato amosanin jini. Kuma tunda uwa da uba ne suke haɗuwa su ba da ita, ba mamaki ta riƙa maimaita kanta a ɗaki ɗaya, balle a inda auren zumunci ya yi ƙarfi kamar wajenmu.

Akwai alƙaluma daga ƙasar Kano da ke nuna girman abin a wancan lokaci. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, wadda take cikin Jihar Kano a lokacin, yanzu kuma tana Jigawa. Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da abokan aikinsa suka auna jinin mutanen ƙauyukan, suka buga sakamakon a 1979. Sun sami kashi 24 cikin 100 na jarirai suna ɗauke da rabin gadon, wato AS, a cikin waɗanda suka haura shekara biyar kuma kashi 29. Ƙaruwar tana da dalili: tun 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS ya fi jure wa zazzaɓin sauro, don haka su suka fi tsallake ƙuruciya. Masu SS kuwa, wato masu cutar kanta, sun kai wajen biyu cikin kowane jarirai ɗari, amma a cikin manya kusan babu su. Ba warkewa suka yi ba. Garki ba ta da nisa da mu, abincinmu ɗaya, damina ɗaya, sauro ɗaya, saboda haka ina ganin abin da aka ƙirga a can shi ne abin da ake binnewa a nan ba tare da ƙirga ba.

To, me ya sa watanni shidan farko suke lafiya? Wata likitar yara a Brooklyn ta ƙasar Amurka, Janet Watson, ta yi wannan tambaya a 1948. Ta lura cewa jajayen ƙwayoyin jinin jariran da suka gaji sikila ba sa lanƙwashewa kamar na iyayensu mata, ta ce tabbas sinadarin da ke ɗaukar iska a jinin ɗan tayi daban yake da na babba. Ta yi gaskiya. Himogulobin iri biyu ne a rayuwar mutum bayan makonnin farko na ciki. Akwai na ɗan tayi, wanda ake kira HbF, shi ne mafi yawa a jinin jariri ranar haihuwa. Akwai na manya, wanda ke karɓar aiki sannu a hankali, har kafin yaro ya shekara na farkon ya koma ɗan kaɗan. Kuskuren sikila yana cikin ƙwayar gadon na manya ne kaɗai, harafi ɗaya tak, kamar yadda aikin Vernon Ingram ya fara nunawa a Kambirij a 1956. Na ɗan tayi lafiyarsa ƙalau, kuma in yana nan da yawa yana hana na manyan dunƙulewa. Wato yaron gwaggo ya zo duniya da maganinsa a jikinsa, jikin ne da kansa ya daina yin sa.

Ƙwayar gadon HbF ba ta ɓacewa. Tana nan a cikin ɓargon tsoho mai shekara saba'in, a kan kuromosom na 11, dab da ta manya. Rufe ta aka yi. Shaidar haka ita ce ba kowa ne tasa ke rufuwa ruf ba. Masu sikila na gabashin Saudiyya, wajen Ƙaɗif da Ahsa, da na wasu sassan Indiya, HbF ɗinsu yakan zauna da yawa har girma, ciwon kuma yakan zo musu da sauƙi a ƙuruciya. Irin da ya fi yawa a Nijeriya, wanda masana suka laƙaba wa sunan Benin, nasa kan sauka ƙasa, shi ya sa namu ya fi tsanani. Tambayar da ta rage ita ce me ke rufewa, kuma me ke sa ya zauna a rufe shekara da shekaru alhali ɓargo kullum sabbin ƙwayoyi yake haifarwa. Amsar ba daga ɗakin masu sikila ta fara fitowa ba. Daga kwaɗo ta fito.

A farkon ƙarni na ashirin masana suna gardama a kan wani abu. Jikin mutum yana da ƙwayoyin halitta iri fiye da ɗari biyu, na fata, na hanta, na jini, na ƙwaƙwalwa, kuma duk daga ƙwai guda suka fito. Shin ƙwayar fata tana zubar da umarnin da ba ta buƙata ne, ko tana riƙe da shi duka ta ƙi amfani da shi? Robert Briggs da Thomas King sun gwada a Filadelfiya a 1952: suka cire cibiyar ƙwan kwaɗo, wato tsakiyarsa inda umarnin yake, suka sa ta wata ƙwaya a madadinta. Da cibiyar ɗan tayi ƙarami abin ya yi, da wadda ta ɗan manyanta kuma ya ƙi, sai suka karkata ga cewa wani abu yana canzawa har abada. John Gurdon, ɗalibi a Oksfod ƙarƙashin Michail Fischberg, ya sake gwajin da wani kwaɗon ruwa na Afirka mai farata, Xenopus. Dalilin da ya sa kwaɗon Afirka ya cika ɗakunan binciken Turai abin dariya ne: tun shekarun 1930 da shi ake gwajin ciki, a yi wa macen kwaɗon allurar fitsarin matar da ake gwadawa, in ta saki ƙwai kafin washegari to akwai ciki. Danginsa suna nan a kududdufan arewacin Nijeriya, kuma a 2015 aka raɗa wa irin na yankinmu sunan Fischberg ɗin nan.

A 1962 Gurdon ya ɗauki cibiyoyi daga hanjin talibambam, ƙwayoyin da suka riga suka zama na hanji, ya dasa a ƙwai 726. Goma suka zama talibambam masu iyo suna cin abinci. Daga baya wasu suka girma har suka hayayyafa. An tabbatar ke nan cewa ƙwayar hanji tana riƙe da umarnin yin kwaɗo sukutum. Wannan ne ya kai shi ga lambar Nobel a 2012. Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sauran 716 ɗin. Haka aka sake gani da tunkiyar nan Dolly da aka haifa a Cibiyar Roslin ta Sukotilan ranar 5 ga Yuli 1996, daga ƙwayar hantsar wata tunkiya: an haɗa ƙwai 277, ɗaya ya zama 'yar tunkiya mai numfashi. Da Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya nuna a 2006 cewa ƙwayoyin gado huɗu kacal sun isa su mayar da ƙwayar fatar ɓera ta koma ƙwayar asali mai iya zama komai, nan ma a cikin dubu da ƙyar ake samun ɗaya da ta amsa. Sauran sun ƙi. Ƙwayar fata ta san ita ta fata ce, kuma tana da abin da take riƙe wannan sani da shi.

Ga yadda abin yake. DNA da ke cikin ƙwaya guda, wato zaren da umarnin gado ke rubuce a kansa, in an miƙe shi, ya kai kusan mita biyu, ga shi kuma dole ya shiga cibiyar da ido ba ya gani. Don haka a naɗe yake a jikin wasu dunƙulallun sinadarai da ake kira histon, kamar yadda mai kaɗi take naɗe zare a jikin mazari, sai dai nan mazaran miliyoyi ne a jere, kowanne da ɗan guntun zarensa. Inda naɗin ya yi sako-sako, ƙwaya tana iya karanta umarnin da ke wurin. Inda aka matse shi aka cusa, ba ta iyawa. Wani Bajamushe, Albrecht Kossel, shi ya fara ware histon a 1884 daga jinin dinya, kuma kusan shekara tamanin ana ɗaukarsa abin naɗi kawai. A 1964 Kenneth Murray ya ga cewa wasu histon suna ɗauke da wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna metil a maƙale, a shekarar kuma Vincent Allfrey da Alfred Mirsky a New York suka kawo shawarar cewa irin waɗannan alamomi suna da hannu a buɗewa da rufe ƙwayoyin gado. Ba su da hanyar tabbatarwa. Sai a 2000 ɗakin binciken Thomas Jenuwein a Biyana ya kama sinadarin farko da ke liƙa metil ɗin, a 2004 kuma ɗakin Yang Shi a Harvard ya kama na farko da ke goge shi, wanda ake kira LSD1. Kafin nan da yawa sun ɗauka in an liƙa shi ke nan.

Kowane histon yana da jela da ta leƙo waje, kuma wurin da aka liƙa metil a jelar shi ke ba da ma'ana. A histon na uku, in an liƙa a gurbi na 9 ko na 27, ma'anar ita ce a rufe nan. In a gurbi na 4, ko na 36, ko na 79 ne, galibi alama ce ta wurin da ake aiki da shi. Abin da ya mayar da wannan ya zama tunawa shi ne abin da ke faruwa in ƙwaya za ta rabu biyu. Tsofaffin histon masu alama ana raba su tsakanin 'ya'yan biyu, a cike giɓin da sababbi marasa alama. Sinadaran da ke liƙa metil ɗin rufewa kuma suna iya gane irin alamar da suka liƙa a baya, in suka same ta sai su liƙa irinta a kan maƙwabcin da ba shi da ita. Da haka ƙwayar hanta take haifar ta hanta, ta ɓargo take haifar ta ɓargo, ba tare da an sake yi musu bayani ba. Masu nazarin ƙudan 'ya'yan itace sun ga illar rashin wannan tun 1947, lokacin da Pamela Lewis ta sami ƙudan da ƙafafunsa na baya suka fito da siffar na gaba. Sai a 2002 aka gane cewa sinadaran wannan dangi, da ake kira Polycomb, su ne masu liƙa metil a gurbi na 27.

Da aka san haka, sai aka koma kan waɗancan ƙwai da suka ƙi. A 2012 ɗakin Kenneth Zaret a Filadelfiya ya nuna cewa akwai manyan yankuna a cikin ƙwayar fatar mutum da sinadaran Yamanaka ba sa iya ko taɓawa, kuma yankunan cike suke da metil na gurbi na 9. A 2014 Shogo Matoba da Yi Zhang a Boston suka zuba wa ƙwan ɓera sinadarin da ke goge wannan alama bayan dasa cibiya, sai adadin 'ya'yan da aka haifa ya tashi daga wajen ɗaya cikin ɗari zuwa wajen takwas. Da wannan dabara masana a Shanghai suka sami birai biyu, Zhong Zhong da Hua Hua, a ƙarshen 2017, bayan shekaru ana gwada biri ana kasawa. Ko a nan, 'yan tayi 79 aka dasa kafin a sami biyun.

Ba rufewa kaɗai ke hana ƙwaya sauya hali ba, abin da aka bari a buɗe ma yana hanawa. Gurdon bai bar kwaɗinsa ba har tsufa, kuma a 2017 ɗakinsa a Kambirij, a aikin da Eva Hörmanseder ta jagoranta, ya nuna cewa in aka ɗauki cibiya daga ƙwayar da za ta zama kayan ciki, aka yi sabon ɗan tayi da ita, sai a tarar fatar ɗan tayin tana karanta umarnin kayan ciki. Metil na gurbi na 4 ne ya biyo ta. Da suka rage shi, 'yan tayin suka fi girma daidai. Ɗakin George Daley ya sami makamancin haka da gurbi na 79 a 2012, ɗakin Konrad Hochedlinger a Babban Asibitin Massachusetts kuma da gurbi na 36 a 2023, inda hana liƙa alamar ya sa ƙwayoyin fatar ɓera suka riƙa komawa na asali da yawan da ba a saba gani ba.

Mai karatu zai ce to a goge duka mana a huta. A nan ne nake ganin masu ba da labarin kimiyya a rediyo suke yin gaggawa. Wannan canji na gurbi na 36 da aka yi amfani da shi a ɗakin bincike, shi ne ake samu a yawancin wani ƙari da ke fitowa a ƙashin matasa. Irinsa na gurbi na 27, wanda aka gano a 2012, shi ne ke cikin mafi yawan wata sankarar ƙwaƙwalwa ta yara da har yau ba a iya warkar da ita ba. Ɓerayen farko da aka samu daga ƙwayoyin Yamanaka, kusan ɗaya cikin biyar na zuriyarsu ƙari ya fito musu, saboda ɗaya daga cikin sinadaran huɗun, c-Myc, ya sake farkawa. Ƙwayar da ta manta ko ita wace ce, ba ta san inda za ta tsaya da rabuwa ba. Taurin kan da ya ba Gurdon wahala shi ne yake tsare da mu.

Cutar farko da aka gwada warkarwa da dabarar Yamanaka tamu ce. A Disamba 2007 Jacob Hanna da Rudolf Jaenisch, tare da Tim Townes na Alabama, suka ɗauki ƙwayoyi daga jelar ɓeran da aka sa wa sikilar mutum, suka mayar da su na asali, suka cire c-Myc, suka gyara harafin nan guda, suka juya su zuwa ƙwayoyin da ke haifar da jini, suka dasa wa ɓerayen. Jininsu ya gyaru. A mutum har yau ba a kai nan ba, domin yin ƙwayar ɓargo ta gaske a kwalba ya zama aiki mai wuya. Wani abin lura shi ne jajayen ƙwayoyin jinin da ake samu ta wannan hanya sukan yi himogulobin irin na ɗan tayi, ba na manya ba.

Hanyar da ta fi kusa da mu ba ta bukatar a mayar da ƙwaya farkonta. Ƙofa ɗaya ake so a buɗe, a bar sauran. A 1982 Joseph DeSimone a Chicago ya ba gwaggon biri wani maganin sankara da ke hana liƙa metil a jikin DNA kansa, sai HbF ya tashi. An gwada a mutane ya yi aiki, amma tsoron illarsa ya sa aka nemi wani. Aka dawo kan hydroxyurea, tsohon maganin sankarar jini da ake haɗiya, wanda ke tayar da HbF ta hanyar da masana ke muhawara a kanta har yanzu. Gwajin da Samuel Charache ya jagoranta a kan manya 299, wanda aka buga a 1995, ya nuna tashin ciwo ya ragu da kusan rabi, Amurka kuma ta amince da shi a 1998.

A nan Kano ta shigo tarihin da ƙafarta. Ɗaya daga cikin mugayen abubuwan da sikila ke yi wa yara shi ne shanyewar ɓarin jiki. A Amurka ana auna gudun jini a jijiyoyin kai da na'ura, wanda aka ga yana cikin haɗari a riƙa yi masa ƙarin jini kowane wata. Wa zai iya wannan a Kara, ko ma a Fagge? Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala, irin su Shehu Abdullahi da Najibah Galadanci, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt da asibitin Barau Dikko na Kaduna, suka gwada hydroxyurea a madadin ƙarin jinin. A yara 220 suka kwatanta ƙaramin awo, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, da matsakaici, miligiram 20. Sakamakon da aka buga a farkon 2022 ya nuna ba a ga bambanci a yawan shanyewar jiki tsakanin awon biyu ba, kuma duka biyun sun yi ƙasa sosai da abin da aka sani a yaran da ba a yi wa komai ba. Ga iyalin da ke sayen magani da kuɗin gyaɗa, sanin cewa ƙaramin awo ma yana karewa ba ƙaramin abu ba ne.

A ɗaya gefen kuma an kama mai gadin ƙofar. A 2008 Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Boston suka nuna cewa wani sinadari mai suna BCL11A shi ne ke zama a kan ƙwayar gadon HbF, ya kira masu matse histon su rufe wurin. Maganin Casgevy, wanda Ingila ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka kuma a Disamba, abin da yake yi ke nan: a ciro ƙwayoyin asali na ɓargon majiyyaci, a lalata maɓallin da ke kunna BCL11A a cikin jini, a kashe tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi, a mayar da gyararrun. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, a Nijeriya kuwa ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da cutar duk shekara. Dashen ɓargo daga ɗan uwa, wanda Nosakhare Bazuaye ya fara yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, aka kuma fara a na Legas a 2024, shi ma na 'yan ƙalilan ne.

Shi ya sa na fi sa ido a kan masu neman ƙwayar haɗiya da za ta taɓa alamomin histon kai tsaye. A 2013 ɗakin Douglas Engel a Michigan ya nuna hana LSD1 aiki yana tayar da HbF. A 2015 ɗakuna biyu suka nuna haka da G9a, ɗaya daga cikin masu liƙa metil a gurbi na 9. Wani kamfani, Fulcrum Therapeutics, ya kai nasa maganin ga gwaji a jikin masu sikila, maganin da ke toshe sashen Polycomb mai gane alamar gurbi na 27. HbF ya tashi a waɗanda suka sha. Amma a Fabrairu 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta dakatar da gwajin saboda fargabar sankarar jini, abin da aka gani a dabbobi da kuma wani maganin sankara mai taɓa wannan dangi. Ta ɗage dakatarwar a watan Agusta, bisa sharaɗin a takaita shi ga waɗanda ciwonsu ya yi tsanani. Ban ga laifin hukumar ba. Polycomb ba ƙofar HbF kaɗai yake tsaro ba, ɗaruruwa yake tsaro a kowace ƙwaya, kuma yaron da za a ba magani tun yana shekara biyu zai sha shi ne tsawon rai.

A wajenmu dai canjin da aka fi ji a jiki ba daga ɗakin bincike ya zo ba. A Mayu 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da gwajin rukunin jini na sikila. Yanzu kafin a tara mutane ɗaurin aure, waliyyai kan tambayi takardar asibiti, kuma kalmar “jininsu bai haɗu ba” ta shiga bakin tsofaffin da ba su taɓa zama a aji ba. Ra'ayina shi ne ana yin gwajin a makare. In an bari sai an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an sayi kayan ɗaki, to takardar da ta ce AS da AS ba ta zo da shawara ba, ta zo da rigima tsakanin gidaje biyu waɗanda sau da yawa kaka ɗaya ta haife su, kuma a irin wannan hali ne ake samun mai neman a sake masa gwaji har sai ya sami amsar da yake so. Da a aji ukun ƙaramar sakandare ake auna kowane yaro da yarinya a ba su katinsu, da magana ta ƙare tun kafin a fara zance.

Waɗanda aka riga aka haifa kuma, abin da ke raba mai rayuwa da mai komawa bai wuce abubuwan da aka sani ba: a gano cutar tun kafin hannu ya kumbura, gidan sauro, riga-kafi, maganin hana kamuwa da ƙwayoyin cuta, ruwan sha da yawa, rigar sanyi da hunturu, da hydroxyurea ga wanda likita ya rubuta wa. Shi kuma maganin yana bukatar a riƙa auna jini lokaci-lokaci, wanda ga mutumin Kara yana nufin kuɗin mota zuwa Gwarzo, wani lokaci har Kano, ta Rimin Gado, da kwana ɗaya da ba a je gona ba. Ina da tsofaffin ɗalibai masu SS da suka yi aure suka haihu, har da wadda take koyarwa a firamare yanzu, abin da alƙaluman Garki suka nuna kusan ba ya faruwa a ƙauyen ƙasar Kano shekara hamsin da suka wuce.